Waiwaye: Sifili ɗaya da ya cinye mana tuwita biyu

Har yau in na ji ƙaurin koyil ɗin lasifika ya ƙone, wani daren biki a Kano nake tunawa. Lokacin ina yaron shago a wajen wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya, wanda kuma yake ba da hayar kayan sauti ga masu biki, da wa'azi, da taron siyasa in kakarsa ta zo. Shekaruna uku a hannunsa, na iya riƙe dalma, na iya bin layin waya da ido, kuma na fara jin cewa na fi maigidan nawa sanin zamani.

Abin da ya dame ni a kayanmu shi ne kirosoba, wato na'urar da ke raba sauti gida-gida. Babbar lasifika ba ta iya fitar da siririyar murya, ƙaramar tuwita kuwa ba ta jure dukan ganga, don haka dole a samu mai rabo, ya miƙa wa kowa nasa. Akwatunanmu duka irin na da ne: naɗin waya da manyan kwandensa a cikin akwatin, bayan amfilifaya. Suna aiki, amma suna shan wani kaso na ƙarfin wuta su mayar da shi zafi, in taro ya yi nisa sai ka ji sautin ya dushe. Ni kuma na karanta cewa ana iya yin rabon tun kafin amfilifaya, sa'ad da sautin yake ɗan mitsitsi, da ƙananan ai-si, sannan a ba kowane rukunin lasifika amfilifayarsa. Maigida yana da amfilifaya uku a ajiye. Na nace masa har ya ce, "To, je ka haɗa mu gani."

Tsarin da na ɗauka shi ne wanda ake kira Linkwitz-Riley, da sunan injiniyoyi biyu na kamfanin Hewlett-Packard a Amurka, Siegfried Linkwitz da Russ Riley. A 1976 Linkwitz ya wallafa bayaninsa. Dabarar ba ta da wuyar faɗa: ka jera matatar Butterworth biyu, ɗaya bayan ɗaya, sai yankan ya yi kaifi, desibel 24 a kowace oktif. Ma'ana, duk sa'ad da sauti ya yi nisa da iyaka ya sauka zuwa rabin amonsa, abin da ke wucewa zai ragu wajen ninki 16. A daidai kan iyakar kuwa kowane ɓangare yana fitar da rabin abin da ya shigo, in an haɗa su biyun su cika ɗaya, ba tudu ba kwari. Wannan rabin ya kamata in riƙe da kyau, ban riƙe ba.

Na sayo kaya a Sabon Gari: ai-si TL072 na Texas Instruments, regileta 7815 da 7915 don samun bolt 15 ta sama da ta ƙasa, ƙaramar taransifoma, allon Vero, da korayen kwandensan nan da kowane mai gyara ya sani. Lissafin ya fita sumul. Rasista 10k da kwandensa nanofarad 100 suna ba da iyaka wajen haz 112, nan bas zai tsaya. Rasista 5.6k da nanofarad 10 suna ba da wajen haz 2,000, daga nan tuwita za ta karɓa. Abin da ke tsakani na lasifikar murya ne.

Ranar da na fara kunnawa, kafin ko waƙa ta shiga, sai wani gurnani ya cika shagon. Maigida bai ko ɗago kai daga rediyon da yake gyarawa ba, ya ce, "Saurara da kyau. Gurnani ne ko zuza?" A wurinsa na koyi bambancin, kuma ban taɓa ganin littafin da ya bayyana shi da sauƙi haka ba. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. In ka ji gurnani mai taushi, mai zurfi, to haz 50 ne, kuma galibi wayar ƙasa ce ta yi zobe, ko taransifoma ta matso kusa da hanyar sauti. In kuwa zuza ce mai kaushi kamar ta ƙudan zuma, haz 100 ne, daga wajen dayod da kwandensan tace wuta matsalar take. Nawa gurnani ne. Na bi na tarar na ɗaura wayar ƙasa a jikin akwatin ƙarfen a wuri uku daban-daban. Na tattaro su duka zuwa kusa guda, na matsar da taransifoma can lungu, shagon ya yi tsit.

Matsala ta biyu ta fi wayo. Sautin yana fita amma da ɗan ƙaiƙayi a samansa, kuma ai-si ɗaya tana ɗumi ba dalili. Ashe kaɗawa take yi ita kaɗai a can saman da kunne ba ya ji. Maganin kwandensa nanofarad 100 ne a manne da ƙafa ta 8 da ta 4, inda wuta ke shiga, da rasista om 100 a bakin fita don doguwar wayar da ke zuwa amfilifaya kada ta rikita ta. Wannan ni na gano da kaina, kuma nan kaina ya kumbura. Wanda ya kama ɓarayi biyu a dare ɗaya ba ya zaton akwai na uku a ƙarƙashin gado.

Na gwada a shago da ƙaramar murya, komai daɗi. Har na lura tuwitar tana fitar da murya cike, mai kauri, na ce wa sauran yara, "Kun ji aikin zamani ko?" Da na san abin da nake ji, da a nan jikina ya yi sanyi, don tuwita ba ta da hurumin yin kauri.

Daren Asabar muka kai kayan wani kamu. Janareta na ruri, mata sun cika fili, mai kiɗan ya ɗaga murya. Ba a yi rabin sa'a ba sai sautin ya koma kamar ana waƙa daga cikin rijiya. Saman ya ɗauke gaba ɗaya, ga ƙauri yana tashi daga ƙahonin tuwitocinmu biyu. Muka lallaɓa aka ƙarasa da sauran lasifikun, uwar amarya kuwa ta faɗa mana abin da ta faɗa, kuma da gaskiyarta.

Washegari na zo da jerin masu laifi. Janaretan gidan bikin ne, wutarsa hawa da sauka take. Ai-sin jabu ne aka sayar mini. Tuwitocin ma dama sun tsufa. Mai kiɗan ne ya ƙure. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na kowa. Maigida ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, "Ka auna?"

Na ce, "Oga, ai na saurara, lafiya lau yake."

Ya ce, "Ban tambaye ka kunnenka ba. Ɗauko mita."

Ba mu da osiloskof, ba kuma a buƙatarsa a nan. Muka samo sautin gwaji daga kwamfutar wani maƙwabci, muka sa haz 500, muka auna abin da ke shiga da abin da ke fita ta ƙofar tuwita. Mita mai araha ba ta da gaskiya sosai in sauti ya yi sama, amma in da ita ka auna shiga da fita a amo ɗaya, ƙaryarta ɗaya ce a duka biyun, sai ta kashe kanta. Bisa lissafina, a haz 500 abin da zai wuce bai kamata ya fi kashi ɗaya cikin 250 ba. Mitar ta nuna kusan duka yana wucewa. Muka yi ta sauke amon muna neman inda zai koma rabi, ba mu same shi ba sai wajen haz 200.

Maigida ya juya allon, ya sa tabarau, ya nuna mini da tsinken ashana. A jikin kwandensa huɗun da ke tsaron tuwita an rubuta 104. Ni 103 nake nufi. Lambar ƙarshen nan adadin sifili ce: 103 shi ne pikofarad 10,000, wato nanofarad 10, 104 kuwa ninkinsa goma. Na zube su duka a gwangwanin madara ɗaya, na yi ta ɗauka da dare ina sauri in gama. Ko girmansu ba ɗaya ba ne, amma mai ɗoki ba ya ganin girma. Sifili ɗayan nan ya ja iyakar daga 2,000 ya dawo da ita 200, aka riƙa ɗura wa siririn koyil dukan da aka tanadar wa babbar lasifika, har ya gasu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne awon bai ɗauke mu minti goma ba, kuma da na yi shi ranar Juma'a da ba a yi asarar komai ba. Kunne abokin aiki ne, amma yana son faranta wa mai shi, musamman in shi ya yi aikin da hannunsa. Akwai kuma abin da littattafan da ke yabon wannan tsari suke wucewa da sauri: da ka cire tsohuwar kirosoba daga akwati, ka cire wa tuwita mai gadinta. Yanzu ba komai tsakaninta da amfilifaya sai waya. Kuskuren lamba, ko juya filogin bas zuwa ƙofarta, ko ƙarar "dum" da ake ji lokacin kunnawa, duk kai tsaye suke isa gare ta. Shi ya sa tun daga ranar ba na haɗa tuwita sai da kwandensa guda a jere da ita, babba yadda ba zai taɓa rabon ba, amma ya tare abin da ya zo daga can ƙasa. Amfilifaya kuma ita ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa.

Maigida bai kore ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya yanke kuɗin koyil biyu daga ɗan abin da yake ba ni, kaɗan-kaɗan, har wata uku. Ya sa na cire kwandensa huɗun na sa na daidai, na sake awo a gabansa har muka ga rabin ya faɗo a inda ya dace. Na'urar ta yi mana shekaru tana zuwa biki. Huɗun da na cire kuwa ya zura su a zare ya rataye a ƙusar da ke saman teburina, duk sabon yaron da ya zo shagon sai ya tambayi na mene ne, Maigida ya nuna ni da haɓa ya ce, "Tambayi yayanka."