Hannun mai sana'a shi ne jarinta



Duk wanda ya zaga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta Yamai a lokacin hunturu, in ya dubi hannuwan masu tuwo da masu wanke-wanke da masu kifi, zai ga yatsu sun tsattsage, fata ta yi kaushi, wani wurin har yana tsatsar ruwa. Wannan shi ne kircin hannu. Da yawa daga cikin masu fama da shi ɓoye hannun suke yi cikin mayafi in mai saye ya tsaya, su kuma sayi mai na kwali wurin mai tallar magani, suna fatan ya wuce. Ra'ayina shi ne, ɓoyon da maganin kan titi sun fi kircin kansa cinye jari.

Mu fara da abin da ke kawo shi. Fatar mutum tana da wani maiƙo da ke riƙe danshi, ya kuma tare ƙazanta. Omo, ruwan zabel, sodar haɗa sabulu da yawan tsoma hannu cikin ruwa suna wanke maiƙon nan. Tumatir, tattasai, albasa, tafarnuwa da lemun tsami su shiga tsagar su ƙara ƙuna. Busasshiyar iskar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ta ƙarasa aikin. Wasu kuma jikinsu ne ba ya jituwa da wani abu, kamar baƙin lalle mai haɗin rinin gashi, ko siminti ga magina. Kirci ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ya bambanta da ƙazwa, wadda ke kama gida ɗungum, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare. Ya bambanta da kuturta, wadda tabonta ba ya ƙaiƙayi, ji ma yake rasawa. Saboda haka mai saye ba shi da hujjar gudun mace don hannunta ya bushe ya tsage.

Sai dai akwai iyaka, kuma ya kamata kowace mai sana'a ta san ta. Tsagaggiyar fata ƙofa ce a buɗe. Wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira stafilokok, wadda ke zaune bisa fata da cikin hancin mutane da yawa ba tare da ta yi musu komai ba, tana shiga ta nan. In kika ga ɓawo mai kalar zuma bisa ciwon, ko mugunya, ko hannu ya kumbura ya ɗau zafi yana zogi, to ƙwayar ta shiga. In kuma ga masassara, ko kaluluwa a hammata, ko kumburin yana hawa zuwa damtse, kada ki kwana, ki tafi likita a ranar. Mai ciwon sukari kuwa, ko kwana ɗaya bai kamata ta jira ba, domin miki yana saurin ɓaci a jikinta.

A daidai nan ne mai tallar magani ke cutar mu. Mayukan kwali da ake sayarwa a faranti, irin waɗanda wasu mata ke shafawa don su yi fari, da yawansu suna ɗauke da kortikoyid mai ƙarfi, irin su klobetazol. Gaskiya ne yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana 2 ko 3, shi ya sa ake yabonsa. Amma in aka shafa shi bisa miki mai mugunya, rage ƙarfin fata na yaƙar ƙwayar yake yi, ciwo ya ci gaba a ƙarƙashi. In aka daɗe ana shafawa, fata ta yi siriri, ta riƙa tsagewa da abu kaɗan. Haka masu fasa kafso ɗin tupaye su barbaɗa a miki, da masu wanke shi da zabel, da masu shan ƙwaya 2 su bari: ba su kashe cutar ba, sun dai koya mata jure magani. Shi kortikoyid magani ne na gaske a hannun lokotoro, wanda zai duba hannun, ya fara da maganin ƙwayar cuta in ta shiga, ya rubuta man da ya dace da adadin kwanakin shafawa.

Na san abin da za a ce da ni: wa zai ciyar da yara in na rufe tukunya? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma ki lissafa, Hajiya. Kwana 3 da ƴarki ko ƙanwarki za ta riƙe miki ludayi, da wata guda kina kwance hannu a kumbure, masu sayenki sun koma rumfar maƙwabciya, wanne ya fi tsada? A 2024 an rage kuɗin duba marar lafiya a likitocin gwamnati, kuma ma'aikacin likitar unguwa ya iya gane mikin da ƙwaya ta shiga. In abin ya fi ƙarfinsa, zai tura ki babban asibiti.

Akwai kuma haƙƙin mai ci. Hannu mai mugunya yana ɓata abinci. Stafilokok in ta faɗa cikin fura, nono ko dambu, ta wuni cikin zafi, tana sakin dafin da ke sa amai da zawo cikin ƴan awoyi, kuma sake ɗumama abincin ba ya kashe dafin. Mai dama fura da irin wannan hannu ta ɗauki alhakin ƴaƴan mutane.

Abin yi kullum ba shi da tsada. Ki cire zobe kafin wanke-wanke, don sabulu yana maƙalewa ƙarƙashinsa. Ki wanke hannu da ruwa marar zafi, ki tsane shi har tsakanin yatsu, ki shafa bazalin ko man kaɗe marar turare nan take, sau nawa kika wanke sau nawa kika shafa. Da dare ki shafa da kauri, ki sa safar auduga mai tsabta. Wurin omo da zabel ki sa safar hannu ta roba, amma ki riƙa cirewa hannu ya sha iska, domin gumin ciki ma yana tada kirci. Ki yanke farce, don susa ce ke buɗe wa ƙwaya hanya.

Kira na ƙarshe ga masu gidajen abinci da shugabannin ƴan kasuwa. Yarinyar da ke wanke muku kwanoni daga safe har magariba, safar hannunta da bazalinta a wuyanku suke, kamar yadda omon yake a wuyanku. In hannunta ya yi mugunya, ku ba ta aikin da ba na ruwa ba, ku kai ta likita, kada ku sallame ta. Korar da ake yi musu ita ce ke sa su ɓoye ciwo har ya kai ga tukunyarku.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa albarka a sana'o'inmu.