Tabarau na shiga teku: ka bar mai kyamara a ɗaki, ka nemi mai igiya

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin ruwa daga Legas zuwa Tarkwa Bay, ko ya shiga kwale-kwalen 'yan yawon buɗe ido a Zanzibar, ya san abin da ke faruwa bayan minti goma da barin gaɓa. Ido ya fara hawaye, mutum yana ta ƙifce-ƙifce kamar an watsa masa yaji. Ranar da ke sama ta isa wahala, sai kuma ruwan ya zama madubi yana dawo maka da hasken ta ƙasa, inda hular kanka ba ta karewa.

A kwanakin nan, idan saurayi ya samu irin wannan tafiya, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne tabarau mai kyamara, don ya ɗauko bidiyon da zai ɗora a TikTok ba tare da ya riƙe waya ba. Ra'ayina shi ne kuskure ne, kuma mai tsada. Ɗauki Ray-Ban Meta da ya fito a 2023. Matakin kariyarsa daga ruwa IPX4 ne, wato yana jure yayyafi da ɗan fantsamar ruwa kawai. Ba a yi shi don ya nutse ba. Hatta wayarka mai IP68 da kake taƙama da ita, a ruwan daɗi aka gwada ta. Ruwan teku wani abu ne daban: gishirin da ke cikinsa yana cin ƙarfe, yana bushewa a kafar makirufo da wajen caji. A Bahar Maliya, inda masu nutso ke tururuwa a Sharm el-Sheikh da gaɓar Jidda, gishirin ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali yawancin tekuna ba su wuce wajen 35 ba. Igiyar ruwa ɗaya ta bugi gaban jirgi ta jiƙe ka, ka shiga zullumi har ƙarshen tafiyar.

Abin da ruwa ke bukata tabarau ne wanda babu batir a cikinsa, kuma abu na farko da za ka duba ba duhunsa ba ne. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Baƙin gilashi yana rage hasken da ido ke gani, amma wannan bai nuna yana tare hasken UV ba, wanda ido ba ya gani kuma shi ne mai ɓarnar. Abin ma ya fi haka muni. Idan ka sa baƙin gilashi, ƙofar da ke tsakiyar ƙwayar idonka buɗewa take yi don ta sami haske. In gilashin ba ya tace UV, ka buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunka ke nan. Yini guda a kan ruwa yana iya ƙona fatar gaban ido, da dare ka ji kamar an zuba maka yashi. Idan kuma abin ya ɗauki shekaru, yana taimakawa wajen kawo yanar ido da wani tsiron nama da ke fitowa daga farin ido, wanda masunta da masu wasan igiyar ruwa suka sani sarai. Don haka nemi wanda aka rubuta UV400. Matsalar ita ce takardar manne ba ta da wuyar bugawa, kuma tabarau na bakin titi kowanne da ita yake zuwa. Shagunan gilashin ido da dama suna da na'urar auna UV. Ka kai musu, aikin minti biyu ne.

Sai lambar da ke cikin hannun tabarau, daga 0 zuwa 4. Lamba 3 tana barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na haske ya wuce, ita ce daidai da teku. Lamba 4 ta fi duhu, amma ba a tuƙa mota da ita.

Yanzu ga inda wayarka za ta yi maka amfani. Hasken da ya bugi fuskar ruwa ya dawo yawancinsa a kwance yake kaɗawa, shi ne ƙyallin da ke kashe ido. Gilashin da aka rubuta wa Polarized yana da wani siririn tace da ke tare wannan na kwancen. Fasahar ta daɗe, Edwin Land ne ya ƙirƙiro ta kafin ya kafa kamfanin Polaroid a 1937. Da irin wannan gilashin, ruwan da ɗazu yake fari fat sai ya buɗe, ka hango duwatsu da murjani da igiyar anka a ƙasa. Ga matuƙin jirgi a wuri mara zurfi, wannan ba kwalliya ba ce. Kafin ka biya kuɗi, ka kunna farin shafi a allon LCD, na laftof ko na waya, ka riƙe tabarau a gabansa kana juya shi a hankali. In na gaske ne, akwai inda allon zai yi baƙi ƙirin. Wayoyi masu allon OLED ba lallai su yi baƙi ba, wasu launi kawai suke canzawa, don haka laftof ya fi tabbas.

Wannan gwajin kuma shi ne aibinsa. A cikin jirgi za ka ɗaga waya ka kwantar da ita don ɗaukar hoto, sai ka ga allon ya dushe, ka zaci batir ne ya mutu. Haka allon GPS na jirgin zai iya yi maka. Ni dai na yarda da wannan cinikin: gara in riƙa ɗaga tabarau in duba waya da in yini ina yamutsa fuska.

A maganar ƙarko, gilashin kwalba ya fi kowanne tsabtar gani kuma ba ya saurin karcewa, amma yana da nauyi, yana fashewa, in ya faɗa ruwa kuma sai dai ka yi masa addu'a. Na fi son na roba mai ƙarfi da ake kira polikabonet. Yana shan bugu, ba shi da nauyi, kuma shi kansa yana tare UV. Lagonsa karcewa, kuma mu ne muke karce shi. Gishiri ya bushe a kai, ka ja gefen riga ka goge, ka goga masa ƙananan duwatsu ke nan. Ka fara zuba masa ruwan daɗi, sannan ka goge da tattausan ƙyalle. Masu arhar nan kuma da aka manna ledoji a kan juna, zafi da gishiri sukan sa su fara ɓarewa daga gefe, musamman masu fuskar madubi.

Firam ɗin ƙarfe irin na matuƙan jirgin sama yana kyau a hoto, amma ƙananan sukurorinsa su ke fara tsatsa. Nemi na nailan, wanda ake yawan rubuta wa TR90, mai lanƙwasa ya rufe gefen ido, da roba a wajen hanci don kada gumi ya zame da shi. Sannan igiya. Yawancin tabarau a teku ba lalacewa suke yi ba, faɗawa suke yi: mutum ya leƙa ya ga kifi, shi ke nan. Igiya mai soso da ke sa tabarau ya taso saman ruwa ba ta kai kuɗin datar wata ba. Ka gwada ta a bokiti a gida, domin wata ba ta iya ɗaukar firam mai nauyi.

Ga masu nutso kuwa, tabarau na saman jirgi ne kawai. A ƙarƙashin ruwa ido ba ya gani sosai sai da iska a gabansa, shi ya sa ake sa gilashin nutso mai rufe ido da hanci. Hancin yana ciki ne don ka hura iska ka daidaita matsin, wanda a zurfin mita 10 ya ninka na saman ruwa. Lokacin da kake ƙasa, tabarau naka yana can a kan benci tare da tankokin iska da darmar ɗamara da mutane masu jiƙaƙƙun ƙafafu. Ka tafi da akwatinsa mai tauri, ka sa shi a ciki kafin ka sa takalmin iyo, ka cusa a jakarka.