Ra'ayinmu: Kafin Ka Dasa Itace, Tambayi Ƙasarka

Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka itace ma. Mun kawo wannan magana ne saboda wasu 'yan kasuwarmu da ke zirga-zirga tsakanin Guider, Garwa da Mubi sun fara sha'awar dasa ceri a gidajensu, wato wannan jan ɗan itacen da suke gani a hotuna da jikin kwalayen kaya.

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: ceri ba zai yi 'ya'ya a nan ba. Itace ne na ƙasashen sanyi irin su Turkiyya, wadda ta fi kowace ƙasa noma shi. Kafin ya yi fure sai ya zubar da ganye ya kwanta, ya sha sanyin da bai wuce digiri 7 ba na ɗaruruwan awoyi. Hunturunmu bai kai nan ba, sannan a watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Wanda ya sayi dashensa ya yi asarar kuɗi da ruwa da shekaru.

To, me ya dace? Mangwaro mai aure, da gwaiba, da lemun tsami. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan ɗauki shekara 6 ko fiye, kuma ba lalle ya gaji zaƙin uwarsa ba. Mai aure kuwa, irin su Amélie da Kent, cikin shekara 3 zuwa 4 yake fara ba da 'ya'ya. Amélie na nuna da wuri, Kent sai daga baya. Mai fili ya haɗa biyun, kakarsa ta yi tsawo.

Ɗan kasuwa ba ya sayen buhun gyaɗa sai ya soka ya gani. Haka za a yi wa dashe: a duba tabon auren a jikin karan. Babu tabo, babu ciniki. Mai neman shawara ya tuntuɓi ma'aikatan gona, ko cibiyar bincike ta IRAD da ke da gonar itatuwa a Kismatari kusa da Garwa.

A dasa a Yuni ko Yuli, lokacin da damina ta kankama. A haƙa rami mai faɗi, a zuba ruɓaɓɓen taki, a bar mita 8 zuwa 10 tsakanin mangwaro da ɗan'uwansa, nesa da katanga. A killace shi saboda awaki, a sa ido kan gara, a kuma yanke duk tohon da ya fito ƙasa da tabon.

Babbar jarrabawa ita ce bazarar farko da ta biyu. Mai gida na kan hanya, dashe na ƙishirwa. Don haka kafin ka ɗaure kaya, ka ɗora wa wani a gida nauyin ba shi ruwa.

Riba a kasuwa kan zo ta tafi, amma itace na nan har jikoki. Allah Ya sa mu dace.