Cinikin Biri A Sama A Kasuwar Wasannin Bidiyo

Ran 4 ga watan Disamba na shekarar 2023 kamfanin Rockstar Games na ƙasar Amurka ya saki wani ɗan gajeren fim na talla, mai tsawon kimanin minti ɗaya da rabi, domin ya nuna wa duniya kamannin sabon wasansa na bidiyo mai suna Grand Theft Auto VI. Kafin a cika sa'a 24 an kalli wannan talla fiye da sau miliyan 90 a dandalin YouTube. A ƙarshen tallar aka rubuta shekarar 2025, watau a cikinta ne wasan zai shiga kasuwa. Da watan Mayu na 2025 ya kama, sai kamfanin ya ba da sanarwa cewa ya ɗage zuwa ran 26 ga Mayu 2026. Da aka shiga watan Nuwamba na wannan shekara ta 2025, sai ya sake ba jama'a haƙuri, ya ce sai ran 19 ga Nuwamba 2026. Kowace sanarwa daga cikin biyun nan ta tayar da ƙura, samari suka yi ta ɓacin rai a intanet, darajar hannun jarin Take-Two Interactive, uwar kamfanin, ita ma ta faɗi a kasuwa.

Mun san akwai dattijai daga cikin masu karatu waɗanda za su ce mene ne haɗin jarida da wasan yara. To, sai su dubi lissafi. Wasan da ya gabaci wannan, watau Grand Theft Auto V, ya fito ran 17 ga Satumba 2013, kuma cikin kwana 3 kacal aka yi cinikinsa na dala miliyan 1,000. Daga baya yawan abin da aka sayar na wannan wasa ya zarce miliyan 200. Sana'ar da ke juya irin wannan dukiya ta wuce a kira ta wasan yara, balle kuma ga shi ta shigo mana har gida: da wuya ka ratsa unguwa a manyan biranenmu ba ka ga ɗan shagon da samari ke biyan kuɗi suna buga ƙwallo a na'urar PlayStation ba, kuma a ɗakunan kwanan ɗalibai na manyan makarantu hirar sabon wasan da ake jira ta zama abokiyar hirar ƙwallon Turai.

Ra'ayinmu a kan wannan al'amari shi ne, masu ɗokin nan suna huce haushinsu a inda bai kamata ba. Suna zagin kamfani in ya ɗage ranar fitowar wasa, alhali kuwa ɗagewar ita ce sau da yawa alherin da ake yi musu. Sa'an nan kuma su da kansu suke rige-rigen miƙa kuɗi tun ba su ga kaya ba, alhali nan ne ramin da suke faɗawa.

Tarihin sana'ar ya isa shaida a kan abin da gaggawa ke haifarwa. Cikin shekarar 1982 kamfanin Atari ya sayi iznin yin wasa a kan shahararren fim ɗin nan mai suna E.T., kuma domin kada kasuwar Kirsimeti ta wuce shi, sai ya ɗora wa mutum guda, Howard Scott Warshaw, aikin shirya wasan cikin kimanin mako 5. Wasan ya fito a kan kari, amma masu saye suka yi ta mayar da shi kantuna. A shekarar 1983 kamfanin ya kwashi kayan da suka yi masa kwantai, har da wannan wasa, ya binne a wani juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Shekara da shekaru wasu na ɗaukar labarin almara, sai a watan Afrilu 2014 aka haƙa wurin aka same su.

Amma misalin da ya fi dacewa da zamaninmu shi ne na Cyberpunk 2077, na kamfanin CD Projekt da ke birnin Warso na ƙasar Polan, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Tun shekarar 2012 aka fara ambatar wannan wasa. Aka yi ta nuna hotuna masu ƙayatarwa, har aka ɗauko ɗan wasan fim Keanu Reeves ya hau dandamali a shekarar 2019 ya shelanta cewa ran 16 ga Afrilu 2020 za a fitar. Ranar ba ta yiwu ba, aka koma Satumba, daga nan Nuwamba, daga nan Disamba. Da aka yi ɗagewa ta ƙarshe, wasu daga cikin masu jira har barazanar kisa suka aika wa ma'aikatan kamfanin, mutanen da a lokacin an riga an tilasta musu aikin kwana 6 a mako. Kafin ranar 10 ga Disamba 2020, ranar da wasan ya fito, mutane sun riga sun biya kuɗin kwafi miliyan 8, kuma kamfanin da kansa ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa wannan kuɗi ya mayar masa da abin da ya kashe wajen aikin da tallarsa. Watau tun kafin mai saye ɗaya ya kunna wasan a ɗakinsa, mai kaya ya riga ya mayar da uwar kuɗinsa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Masu sharhi a jaridu an ba su wasan ne na kwamfuta kaɗai kafin fitowa, ba a nuna musu yadda yake tafiya a tsofaffin na'urori irin su PlayStation 4 da Xbox One ba, inda ɗimbin masu saye suke. Da waɗannan suka kunna, sai suka tarar hoto na daskarewa, mutane da motoci na ɓacewa, wasan na mutuwa a tsakiyar tafiya. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya nemi gafara a bainar jama'a, kamfanin Sony kuma ya janye wasan daga kantinsa na intanet, ya ce duk mai son kuɗinsa ya zo ya karɓa, bai kuwa mayar da shi kanti ba sai watan Yuni 2021. Masu hannun jari suka kai ƙara kotu a Amurka. Aka yi ta bin wasan da faci bayan faci, sai a watan Satumba 2023 ne, bayan kusan shekara 3, ya kai matsayin da jama'a suka yarda ya yi kyau. Wanda ya yi haƙuri ya saya a wannan lokaci ya sami kaya mafi inganci, sau da yawa kuma a farashi mai rahusa. Wanda ya yi ɗoki kuwa ya biya cikakken kuɗi domin ya zama zakaran gwajin dafi.

Ma'aikatan gwamnati ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan, domin sun san halin ɗan kwangilar da aka ba shi kafin alƙalami mai tsoka tun bai kafa tubali ba. Ba dole ne ya zama macuci ba, amma da zarar kuɗi ya shiga aljihunsa, ƙarfin da mai aiki ke da shi a kansa ya ragu. Haka nan ɗaliban da suka karanta fiƙihu sun san malamai sun halatta cinikin salam, inda ake biyan kuɗi a jira kaya, amma da sharaɗin a siffanta kayan sosai, a san adadinsa, a kuma yanke ajalin da za a kawo shi. Ba fatawa muke bayarwa ba, wannan fagen malamai ne. Abin lura dai shi ne hikimar sharuɗɗan, domin wanda ya biya kuɗin wasa watanni kafin fitowarsa bai san siffarsa ba sai abin da talla ta ga dama ta nuna masa, ajalin kuwa mai kaya na iya gusar da shi duk lokacin da ya so.

A da can akwai dalilin yin rige-rige. Lokacin da Dragon Quest III ya fito a ƙasar Japan ran 10 ga Fabrairu 1988, wasanni a cikin kaset ake sayar da su, kuma kaset yana ƙarewa a kanti. Mutane suka kwana a layi, aka sayar da fiye da miliyan 1 a rana guda, 'yan sanda kuma suka tsare ɗaruruwan yara da suka gudu daga makaranta domin su shiga layin. Wanda ya ba da kuɗi tun da wuri a wancan zamani yana sayen tabbacin cewa za a ajiye masa nasa. Yau kuwa akasarin wasanni ta intanet ake sauke su, kuma kayan da ake kwafa ba ya ƙarewa. Wanda ya zo bayan mako guda zai sami irin abin da na farko ya samu. Saboda haka ne kamfanoni suka koma yaudarar masu saye da ƙananan tukwici, kamar rigar da ɗan wasan zai sa ko iznin fara bugawa kwana 3 kafin sauran jama'a.

Ya kamata kuma a tambaya, wa ake sa wa waɗannan ranaku? Babban kamfani yana da masu hannun jari waɗanda yake yi wa bayani kowane wata 3, kuma in ya ambaci rana, da su yake magana kafin masu wasa. Wannan ne ya sa ake yanke rana tun aiki bai nuna ba, daga baya nauyin cika alkawarin ya faɗa kan ma'aikata. A watan Oktoba 2018 Dan Houser, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Rockstar, ya faɗa wa wata mujalla cewa sun yi makonni suna aikin sa'a 100 a mako wajen kammala Red Dead Redemption 2. Da aka yi masa ca, sai ya ce yana nufin shi da 'yan tsirarun manyan marubuta ne, amma maganar ta riga ta buɗe bakin ma'aikata da yawa a sana'ar. Duk mai kukan an ɗage masa wasa da wata 6, ya sani cewa ɗaya hanyar ita ce a matse wannan aiki a cikin daren wasu bayin Allah masu iyali.

Akwai waɗanda suka bi wata hanya. Team Cherry, wani ƙaramin kamfani na mutum 3 a birnin Adelaide na ƙasar Ostireliya, ya ambaci wasansa Hollow Knight: Silksong a watan Fabrairu 2019, sa'an nan ya yi shiru na shekaru har masu jira suka mai da abin ba'a. Sai da ya rage mako 2 suka faɗi rana, wasan ya fito ran 4 ga Satumba 2025 a kan kimanin dala 20, ba su kuma buɗe ƙofar biyan kuɗi kafin ranar ba. Cunkoson masu saye ya sa kantunan intanet, har da Steam, suka tsaya cik na ɗan lokaci. Gaskiya ne cewa cinikin wasansu na farko ne ya ba su damar yin wannan jinkiri, kuma su ma ba su ba masu sharhi wasan kafin fitowa ba, abin da ba mu yaba ba. Duk da haka ba wanda zai ce sun riƙe masa kuɗi shekara 6.

Ga mai saye a Nijeriya lissafin ya fi tsanani. Sababbin manyan wasanni dala 70 ake sayar da su, har Nintendo ya kai Mario Kart World dala 80 a watan Yuni 2025. A cikin shekarar 2025 dala ɗaya ta yi ta kai da komo a wajen naira 1,500, watau wasa ɗaya ya haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne. Ba a ma yi zancen kuɗin na'ura ba, da na data da za a sauke wasan, da na man janareta. Ɗan Turai in ya yi asarar dala 70 ya yi asarar ladan aikin 'yan sa'o'i. Ƙaramin ma'aikaci a nan ya yi asarar fiye da albashin wata, ɗalibi kuwa kuɗin iyayensa ne. Mayar da kuɗi ma ba ko'ina yake da sauƙi ba: Steam yana mayarwa in ba a wuce kwana 14 ba kuma ba a buga fiye da sa'a 2 ba, amma wasu kantunan sukan rufe ƙofa da zarar an fara saukewa.

Ba mu ce kada a yi ɗoki ba. Jiran abu mai daɗi shi ma daɗi ne, kuma kallon talla da muhawara da abokai ba su cin ko kwabo in ban da data. Abin da muke kira ga samari su yi shi ne su bar kuɗinsu a aljihu har wasan ya fito, a yi mako ɗaya ko biyu, su ga yadda yake tafiya a irin na'urar da suke da ita, daga hannun mutanen da suka saya da kuɗinsu. Masu shagunan wasa kuwa, waɗanda jarinsu bai taka kara ya karya ba, su ne suka fi kowa bukatar wannan jinkiri, domin wasan da ke mutuwa a hannun mai biya ta sa'a korar abokan ciniki yake yi. Farashi ma ba ya tsayawa inda ya fara. Grand Theft Auto V ɗin nan da aka yi wa layi a 2013 a kan dala 60, a watan Mayu 2020 kantin Epic Games ya raba shi kyauta na mako guda ga duk mai kwamfuta.