An bar jaki ana dukan taiki a El Paso

Kowace ranar makaranta, tun da asuba, akwai yara da jakunkuna a baya da ke shiga layi a kan gadojin da suka haɗa Juarez ta ƙasar Meksiko da El Paso ta jihar Teksas a Amurka. Da yawansu ƴan Amurka ne, can aka haife su, fasfonsu na hannunsu. Iyayensu ne ke zaune a Meksiko: wasu koro su aka yi, wasu haya ce ta fi ƙarfinsu a El Paso, wasu kuma can gidan kakanni yake. Yaran su ratsa shingen jami'an shige da fice, su yi karatu, da la'asar su koma. Duk shekara kuma idan takardar harajin gidaje ta iso, sai ka ji wasu masu gidaje a garuruwan iyakar nan suna nuna yaran da yatsa, wai da guminsu ake karantar da ƴaƴan mutanen da ba sa biyan ko sisi. Ni ina ganin wannan magana zalunci ce, kuma ko a lissafi ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Kukan mai gida a El Paso gaskiya ne, ba na musu. Harajin gida a garin yana cikin mafiya nauyi a manyan biranen Amurka, yakan haura kashi 2 cikin ɗari na darajar gidan a kowace shekara. A ƙaddara gidanka an yi masa kuɗi dala 200,000, harajin kuma kashi biyu da rabi ne: dala 5,000 ke nan kafin a cire rangwame, kusan miliyan uku na sefa, a kan gidan da wataƙila ka gama biyan kuɗinsa tun tuni. Baɗi ma haka. In ka gaza, hukuma na iya kai ka kotu a sayar da gidan. Wa zai ji wannan bai yi ƙorafi ba?

Sai dai a buɗe takardar a karanta. Baki biyar ne ke ci a cikinta: ma'aikatar magajin gari, ƙaramar hukuma, asibitin gwamnati, kwalejin gari, sannan hukumar makarantu ta unguwarka. Dalilin da ya sa kowa ya raja'a a kan gida kuwa sananne ne. Teksas ba ta karɓar haraji a kan albashi ko kuɗin shigar mutum, kuma a 2019 masu zaɓe suka amince a rubuta haramcin a tsarin mulkin jihar. Tunda an rufe wannan ƙofa, nauyin ya koma kan gida da kan abin da aka saya a shago.

To, a garin da gidaje ke da tsada kuma masana'antu suka yi yawa, ɗan kaso kaɗan ya isa a tara kuɗi masu yawa. A garin talakawa irin El Paso, inda gidaje ke da araha, dole a ɗaga kason kafin a samu abin biyan malamai. Ga kuma katafaren barikin sojan Fort Bliss, wanda filin gwamnatin tarayya ne, ba a biyan harajin gida a kansa. Talaka ya biya kaso mafi girma, ɗansa ya samu makaranta mafi rauni. Yaron gada ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan.

Ba yau aka gano haka ba. A ƙarshen shekarun 1960 iyaye a unguwar Edgewood ta San Antonio, galibinsu ƴan asalin Meksiko, suka kai ƙara, Demetrio Rodriguez na kan gaba. Alƙaluman da aka gabatar wa kotu sun isa su sa mutum riƙe baki. Edgewood na karɓar dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar gida, abin da take tarawa dala 26 ne kan kowane ɗalibi. Unguwar masu hali ta Alamo Heights na karɓar santi 85 kacal, tana tara dala 333 kan kowane ɗalibi. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce wannan bai saɓa wa tsarin mulkin ƙasa ba. Sai a 1989 Kotun Ƙolin Teksas ta rushe tsarin, a 1993 kuma aka fito da dokar da ke karɓar rarar kuɗi daga yankuna masu arziki a raba wa marasa shi. An rage giɓin, amma har yau igiyar makaranta na ɗaure a ƙofar gida.

Daga nan ne dokar adireshi ta samo ƙarfinta. Tunda da harajin unguwa ake tafiyar da makaranta, sai kowace hukuma ta zama mai gadi. Kafin a rubuta yaro, a kawo takardar wutar lantarki ko ta ruwa ko yarjejeniyar haya mai ɗauke da adireshin unguwar. Wanda ya ba da adireshin ƙarya ya yi laifi a dokar Teksas, kuma ana iya bin sa kuɗin karatun yaron. Uwar da ta rubuta adireshin ƴar'uwarta don ɗanta ya iya karatu, a idon doka mai zamba ce.

Ku dubi hukunci biyu da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a jere, dukkansu daga Teksas. A 1982 ta ce yaron da ya shigo ƙasar ba da takarda ba, muddin a garin yake zaune, ba a hana shi makaranta kyauta. Hukumar makarantun Tyler ce ta nemi irin waɗannan yara su riƙa biyan dala 1,000 a shekara, kotu ta taka mata burki. Madalla da wannan. A 1983 sai ga shari'ar Roberto Morales, yaron da aka haifa a McAllen a 1969, ɗan Amurka cikakke, iyayensa na Reynosa a tsallaken kogi. A 1977 ya dawo McAllen gidan yayarsa Oralia Martinez don ya shiga makaranta. Aka hana shi karatu kyauta, domin dokar jihar a lokacin ta ce yaron da ya rabu da iyayensa saboda makaranta kawai ba a lissafa shi cikin mazauna gari. Alƙalai takwas suka goyi bayan dokar, Thurgood Marshall kaɗai ya ƙi. Yaro ɗan shekara takwas yana kwana a garin, yana tashi a garin, laifinsa shi ne niyyar da ta kawo shi, niyyar kuwa karatu ce. A wurinmu, inda yaro ke tashi gidan gwaggo ko kawu a wani gari saboda makaranta ba wanda ya ɗaga ido, wannan hukunci sai a ji shi kamar almara.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. A Del Rio, wani garin iyaka a Teksas, a 2009 shugaban makarantu ya tura ma'aikatansa bakin gada da safe suna miƙa wa yara takardar gargaɗi: a kawo shaidar zama a gari, ko a sallame su. A Calexico ta Kalifoniya an taɓa ɗaukar mutum aiki yana tsayawa bakin iyaka yana ɗaukar hoton ɗalibai. Albashinsa ma daga kuɗin makarantar ya fita.

Yanzu ga lissafin da masu ƙorafi ba sa son ji. Teksas na ba hukumomin makarantu kuɗi ne bisa yawan yaran da ke halartar aji. A yanki marar arziki, abin da harajin gida ya kasa cikewa jiha ce ke cikewa, don haka ƙarin yaro ɗaya a aji ƙarin kuɗi ne daga Austin, babban birnin jihar. In ka kore shi, kuɗin ya tafi da shi, albashin malami da kuɗin wuta na nan yadda suke. Za a ce ai bashin gine-gine harajin gari ne ke biya. Haka ne, da a ce azuzuwa sun cika har ana neman sababbi. Amma a ƙarshen 2024 hukumar makarantun El Paso ta kaɗa ƙuri'ar rufe makarantun firamare 8, babban dalili kuwa ƙarancin ɗalibai. Garin da ke rufe makarantu don ba yara, da wane baki wani zai ce yara ne suka yi masa yawa? Wanda ke neman inda kuɗin ya maƙale, ya tambayi majalisar jihar me ya sa kuɗin tushe na kowane ɗalibi ya tsaya cak a dala 6,160 daga 2019 har 2024, alhali komai ya yi tsada.

Mu masu aikin rediyo mun san wannan hali. Ka buɗe layi a kan tsadar rayuwa, mai kira na farko zai zagi baƙo, na biyu ya zagi maƙwabci, da wuya ka samu wanda zai ambaci wanda ya rubuta dokar. Yaron gada ana ganinsa da ido kowace safiya, tsarin rabon kuɗi kuwa yana cikin kundi.

Kada a ce ba wata hanya, domin tana nan kusa, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota yamma da El Paso. A Columbus ta jihar New Mexico, ɗaruruwan yara ƴan Amurka da ke zaune a Palomas ta Meksiko suna tsallako iyaka kullum, motocin makaranta na jiransu a bakin shinge, a fili, ba ɓoye-ɓoye. Da yawansu a asibitin Deming aka haife su don shi ne mafi kusa. An shafe shekaru da dama ana haka. Ba wai mutanen New Mexico sun fi na Teksas imani ba ne. Tun 1974 jihar ta mayar da yawancin kuɗin tafiyar da makarantu cikin asusu ɗaya da take rabawa da kanta, don haka mai gida a Columbus ba ya kallon yaron Palomas kamar hannu a aljihunsa. Ana ƙorafi a can ma, amma motocin ba su daina zuwa ba.

Mu da muka san Ƙonni da Illela, ko Ɗan Isa da Jibiya, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan dangi ɗaya da layin Bature ya raba. El Paso da Juarez ma haka suke. Yarjejeniyar 1848 ce ta mai da kogin iyaka, kuma ita Juarez ɗin sunanta El Paso del Norte har zuwa 1888. Yaron da ake cewa baƙo ne, gobe shi zai yi aikin jinya a asibitin da harajin nan ke riƙewa, ko ya sa kaki a Fort Bliss, domin ɗan ƙasa ne kuma nan zai zauna, da ilimi ko babu.

A 2023 Teksas ta ɗaga rangwamen harajin makaranta ga wanda ke zaune a gidan kansa daga dala 40,000 zuwa 100,000. Masu gidaje sun ɗan sarara. Ƴan haya, waɗanda ke biyan harajin a cikin kuɗin haya kowane wata ba tare da an rubuta sunansu a takarda ba, wannan rangwame bai shafe su ba. Su ne kuma idan hayar ta gagare su suke tattara kaya su koma Juarez, washegari ƴaƴansu su shiga layin gada.