Na'urar Hira A Kasuwar Suleja: Wa Zai Ɗauki Alhakin Bakinta?

Duk wanda ya san Suleja ya san gari ne na masu fita da asuba. Ma'aikata da yawa da ke aiki a Abuja a nan su ke kwana, ko a Madalla, su bar gida kafin rana ta haska Dutsen Zuma, ba su komowa sai bayan isha. Irin waɗannan ba su da sukunin zuwa Kasuwar IBB, sai dai su aika wa mai rumfa saƙo ta WhatsApp, suna tambayar kuɗin buhun shinkafa ko na turmin atamfa. Shi kuwa mai rumfa ba zai kwana da waya a hannu ba. Wannan larura ce ta sa ya kamata 'yan kasuwa su fahimci abin da a ke kira na'urar hira, watau wani tsari na kwamfuta mai karɓar saƙo ya ba da amsa kamar mutum.

Abin ba sabo ba ne. Tun a shekarar 1966 wani malami a Amurka, Joseph Weizenbaum, ya ƙera wata mai suna ELIZA, wadda ba ta san kome ba illa juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya, amma duk da haka mutane suka riƙa buɗe mata cikinsu. A Nijeriya, bankin UBA ya fito da tasa mai suna Leo a 2018. A 2020, lokacin annobar korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe irinta a WhatsApp don amsa tambayoyin jama'a. Sa'an nan a watan Nuwamba na 2022 ChatGPT ta bayyana, duniya ta ɗauka.

Aikin kafa ta hawa uku ne. Na farko, mai rumfa ya zauna ya rubuta tambayoyin da a ke yawan yi masa, da amsoshinsu: farashi, lokacin buɗe rumfa, kuɗin kai kaya Maitama ko Gwagwalada. A nan zai zaɓa tsakanin iri biyu. Akwai mai bin jeri, wadda za ta ce a danna ɗaya don farashi, biyu don kai kaya, ba ta ƙetare abin da aka rubuta mata. Akwai kuma mai sakin baki irin ChatGPT, mai daɗin hira, amma idan ba ta san amsa ba ta kan ƙago ta, ta faɗa ba tare da ko ɗar ba. Hawa na biyu shi ne faɗaɗa ta, a haɗa ta da littafin kaya don ta san abin da ya ƙare, a kuma koya mata cewa in magana ta kai ga ragi, ko bashi, ko ƙorafi, ta miƙa wa mai rumfa. Hawa na uku shi ne sake ta ga jama'a.

Wannan hawa na uku ne ke bukatar haƙuri, kuma mutanen Suleja ba baƙi ba ne ga darasin. A garin nan ne Michael Cardew ya kafa makarantar ginin tukwane tun ana kiransa Abuja, inda Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta yi suna. Maginiya ba ta kai tukunya kasuwa sai ta gasa ta, ta ƙwanƙwasa ta ji ƙararta. Haka nan na'ura: a fara ba 'yan'uwa da yaran rumfa su yi ta jefa mata tambayoyi masu wuya, a gyara kurenta, kafin baƙo ya gan ta.

Wanda ya yi gaggawa ya dubi abin da ya sami manya. A 2016 kamfanin Microsoft ya saki wata mai suna Tay, 'yan tsokana suka koya mata ashar, ba ta cika kwana ɗaya ba aka rufe ta. A watan Fabrairu na 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta umarci kamfanin jiragen Air Canada ya biya wani fasinja diyya, saboda na'urarsa ta gaya masa ƙa'idar ragin kuɗin tikiti ba daidai ba. Kamfanin ya nemi ya ce laifin na'ura ne, kotu ta ce nasa ne. To, magana zarar bunu ce. In na'ura ta faɗi farashin makon jiya alhali kaya sun tashi, mai rumfa ya zaɓa: ko ya yi hasara, ko a ce ba shi da alkawari.

Sai kuma batun harshe. Masu saye a Suleja akwai Hausawa, da Gwari, da Koro, da baƙi daga ko'ina, kuma da yawa saƙon murya su ke aikawa. Masu rubutawa ma ba su cika sa wa harafi ƙugiya ba, mutum ya rubuta "kara" yana nufin "ƙara". A watan Satumba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, tsarin da aka horar da Hausa, Yarbanci, Ibo da Turancin Nijeriya. Mataki ne mai kyau, amma bai sauke wa kowa nauyin gwaji ba.

Daɗin daɗawa, lambar waya da adireshin mai saye amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai tara su nauyin tsare su. Mai saye shi ma ya kiyaye: duk na'urar da ta nemi lambar sirri ta katin banki, ɓarawo ne a bayanta.

Na'ura yaron rumfa ce da ba ya barci. Mai hankali ba ya bar wa sabon yaro makulli ranar da ya zo, kuma duk abin da yaro ya faɗa wa mai saye, maigida a ke tambaya. Allah ya ba 'yan kasuwa sa'a, ya tsare mutuncinsu.