Hasken Hoto Ba Hukunci Ba Ne

Majiyyacin da aka ɗauko daga Dogon Dutsi ko Tibiri da ƙari a ciki, aka kai shi Yamai, ko aka wuce da shi Tunisiya, sakamakon hoto yake jira. Da an ga tabo mai haske sai dangi su ce daji ne, a shiga sayar da shanu da gona.

Alhali a hoton da ake kira PET, sukari mai sinadarin nukiliya ake ɗura wa mutum a jijiya. Daji yana zuƙe shi, haka ma ƙurji mai mugunya da tarin fuka idan ya kama hanji. Dukansu haske suke yi. Tarin fuka kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Arewa, maganinsa kyauta ne, galibi na wata 6.

Tun 2021 ake gashin daji a Yamai, madalla. Amma kafin a yanka mutum ko a gasa shi, a ɗebi tsokar wurin a auna tukuna. Wajibi ne ma'aikatar lafiya ta tilasta wannan awo, ta kuma rage wa talaka kuɗinsa.